Sharhi: Nawa ne hayar masaukin shafin intanet, kuma wa ke riƙe da makullin? Abin lura ga Issawane da makwabtanta

Tun da kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Jamhuriyar Nijar cikin watan Maris na 2025, intanet mai ƙarfi ya zama abin da ke iya isa garin da wayar ƙarƙashin ƙasa ba ta kai ba, muddin akwai kuɗin sayen faranti da na'urar hasken rana. Kafin nan, a 2020, Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin haɗa ƙauyukan Nijar da hanyoyin sadarwa na zamani. Duk waɗannan suna amsa tambaya ɗaya ce: yaya mutumin karkara zai shiga intanet?

Akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba. Idan ƙungiyar manoma, ko gidan rediyon al'umma, ko ma'aikatar magajin gari a wuri irin Issawane ta so a same ta a intanet da sunanta, a ina za ta ajiye shafinta, nawa za ta biya, kuma wa zai riƙe mata makullin?

Issawane ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mayahi ta jihar Maradi, kusa da ƙasar Tasawa. Yanki ne na gero da wake da gyaɗa da riɗi, da kiwon jar akuya, da tabarmin kaba da ake saƙawa a garuruwan Gulbin Kaba. Yanki ne kuma na ƴan ci-rani: da an gama girbi samari kan nufi Najeriya, Libiya, Aljeriya da manyan biranen Nijar. Sau da yawa waɗannan ƴan ci-rani da ɗaliban da ke Maradi da Yamai su ne ke kawo shawarar buɗe wa ƙungiyar garinsu shafi, su ne kuma ke haɗa kuɗin. Saboda haka lissafin ya shafe su kai tsaye.

Abin da ake biya, kashi uku ne

Mai son shafi yakan ji an ce masa "kuɗin shafi", kamar abu ɗaya ne. A gaskiya abubuwa uku ne, kuma kowanne da mai karɓar kuɗinsa.

Na farko shi ne suna, wato adireshin da ake rubutawa a kai ga shafin, irin su anp.ne na kamfanin dillancin labaran Nijar ko lesahel.org na jaridar gwamnati. Ba a sayen wannan suna a mallake shi har abada. Hayarsa ake yi shekara-shekara.

Na biyu shi ne masauki. Shafi tarin rubutu ne da hotuna da muryoyi, kuma dole su zauna a cikin wata babbar kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, wadda masana ke kira saba. Kamfanonin masauki suna tara dubban irin waɗannan kwamfutoci a cibiyoyin adana bayanai, suna ba da hayar gurbi a cikinsu. Mafi araha shi ne gurbin haɗaka, inda shafuka masu yawa ke zaune a kwamfuta ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo guda. Idan wani maƙwabci ya cika jan ruwa, kowa zai ji a jikinsa.

Na uku shi ne aikin ɗan Adam: wanda zai gina shafin, ya riƙa sabunta manhajarsa, ya toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Wannan kashi shi ne wanda aka fi mantawa da shi a kasafi, kuma shi ne ke kashe shafuka da yawa.

Ga misalin lissafi. Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro, inda yuro 1 ke daidai da sefa 655.957. Masaukin da ake biya wa yuro 4 a wata zai ci kusan sefa 2,600 a wata, wato kusan jaka 31 da rabi a shekara. A ƙara kamar jaka 10 na hayar suna, an kai jaka 41 da ɗoriya. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar shi ne sefa 42,000 a wata. Ke nan hayar suna da masauki kaɗai na shekara guda ta kusa cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma ba a sa ladan mai gina shafin ba. Ga kamfani a Yamai wannan ba komai ba ne. Ga ƙungiyar mata masu saƙar tabarma da ke tara kuɗin adashi mako-mako, magana ce da sai an zauna an yi shawara.

Farashin talla da farashin gaskiya

Manyan kamfanonin masauki na duniya sukan yi tallar cewa da dalar Amurka 3 a wata, ko ƙasa da haka, mutum zai samu gurbi. Abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa shi ne cewa sai an biya kuɗin shekaru da yawa a dunƙule. Dala 3 sau watanni 48 dala 144 ke nan, kusan jaka 80 zuwa 90 gwargwadon canjin ranar, kuma a take ake son su. Idan wa'adin ya cika, farashin sabuntawa yakan ninka na farko sau biyu ko uku. Araha ba ta ado.

Haka abin yake ga suna. Sau da yawa akan ba da shi kyauta a shekarar farko, a dawo da kuɗin a ta biyu. Shi kansa farashin sari yana hawa. Kamfanin Verisign na Amurka, wanda ke kula da duk sunayen da ke ƙarewa da .com, ya riƙe farashinsa a dala 7.85 daga 2012 zuwa 2021. Daga nan ya riƙa ƙari kowace shekara: dala 8.39, sai 8.97, sai 9.59, har ya kai dala 10.26 a watan Satumban 2024. Wannan shi ne abin da dillalai ke biya kafin su ɗora ribarsu. Duk wanda ya sayar da suna ƙasa da haka, to a wani wuri zai fanshe.

Akwai kuma kuɗaɗen da mai shafi ba ya gani. A 2019 kamfanin cPanel, mai manhajar da kamfanonin masauki da yawa ke ba abokan cinikinsu su sarrafa gurbinsu, ya sauya tsarin farashinsa ya koma cajin kuɗi bisa yawan asusun da ke kan kowace saba. Ƙananan dillalai a ko'ina suka ɗora ƙarin a kan masu haya. Wanda ya sayi masauki ta hannun kamfanin da ke da rajista a Nijar kuma zai iya ganin harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a takardar biyansa.

Wani abin da bai kamata a biya wa kuɗi ba a ƙaramin shafi shi ne shaidar tsaro ta SSL, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun ƙarshen 2015 cibiyar Let's Encrypt ke ba da ita kyauta, kuma tun Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Dillalin da ya sa wa wannan shaida farashi na daban a shafin ƙungiyar ƙauye, ya kamata a tambaye shi dalili.

Darasin naira daga ƙetaren iyaka

Mutanen Maradi da Katsina kasuwa ɗaya suke ci, kuma matasa da yawa na yankin sun saba neman masu gina shafi a Kano ko Katsina. Abin da ya faru da su a shekarun nan ya isa darasi. A farkon 2023 dalar Amurka tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki canjin a watan Yunin wannan shekara, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Sunan .com da sarinsa yake kusan naira 4,100 a farkon 2023, ya koma sama da naira 15,000 a ƙarshen 2024, kusan ninki huɗu, alhali a dala ƙarin bai kai dala biyu ba. Bankunan Najeriya da dama kuma sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira tun wajen 2022, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi.

Wannan ne ya sa masu shafuka da yawa a Najeriya suka koma ga sunayen .ng da hukumar NiRA ke kula da su, da kamfanonin cikin gida masu karɓar naira. Sai dai kamfanin cikin gida da ke hayar sabarsa a Turai ko Amurka, da dala yake biya, don haka tsadar tana biyo shi har gida.

Ɗan Nijar yana da sauƙi ta wannan fuska, domin farashin da aka yanka da yuro ba ya motsi a sefa. Matsalarsa daban ce: hanyar biya. Ƙididdigar Bankin Duniya tana sanya Nijar cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin masu asusun banki. Mutumin Issawane ya san NITA da Al Izza da Amana, ya san Airtel Money. Kamfanin masauki da ke Faransa ko Amurka kuwa katin Visa ko Mastercard yake nema. A nan ne ɗan tsakiya ke shigowa: wani ɗan'uwa a Turai, ko wani matashi a Maradi mai katin banki, ya biya da sunansa. Daga wannan rana makullin shafin ya bar hannun masu shi.

Wa ke riƙe da makullin?

Wannan ita ce babbar magana, kuma ta fi farashi nauyi. A tsarin rajistar sunaye, mai suna shi ne wanda aka rubuta sunansa da adireshin imel ɗinsa a rajista, ba wanda ya ba da kuɗin ba. Idan mai gina shafi ya yi rajistar da imel ɗinsa, to a idon kamfanin shi ne mai abu. Ya yi tafiya, ko ya sauya lamba, ko aka ɓata da shi kan kuɗi, ko Allah ya yi masa rasuwa, ƙungiya ba ta da ta cewa.

Ƙa'idar hukumar ICANN, mai tsara sunayen intanet na duniya, ta wajabta wa dillalai su aika da tunatarwa kusan wata ɗaya da kuma kusan mako ɗaya kafin wa'adin suna ya ƙare. Amma imel ɗin da ke rajista ake aika wa. Idan ba a biya ba, sunan .com yakan shiga wa'adin sassauci da bai wuce kwanaki 45 ba, sannan kwanaki 30 na fansa da tara mai tsada, sannan bayan kwanaki 5 a sake shi kasuwa. Daga nan kowa na iya saye. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye, su cika su da tallar caca ko su nemi a fanshe su da kuɗi mai yawa. Adireshin da aka buga a takardun ƙungiya, aka rubuta a allon ƙofarta, aka tura wa masu ba da tallafi, sai ya koma kai mutane wani wuri.

Ga hukumomi abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin shugabanci yana sauyawa. A watan Afrilun 2024 majalisar mulkin soja ta CNSP ta rushe majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar, ta naɗa kantomomi. Duk ma'aikatar magajin garin da aka yi rajistar shafinta da imel ɗin wani kansila ko wani ma'aikacin shirin tallafi da ya riga ya tashi, sabon shugaba zai tarar da shafin da ba shi da ikon taɓawa. Haka ma shafukan da ƙungiyoyin agaji ke ginawa: ana biyan shekara biyu ko uku daga kasafin shirin, shirin ya ƙare, babu layin kasafi na sabuntawa, shafin ya mutu shiru.

Manoman jihar Maradi sun riga sun san maganin wannan a wani fagen. A tsarin jinginar amfanin gona da ake kira warantaj, wanda ya yaɗu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, ana zuba hatsi a sito a sa kwaɗo biyu: makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun mai ba da bashi. Babu mai buɗewa shi kaɗai. Shafi ma haka ya kamata ya kasance: a buɗe imel da sunan ƙungiya, a yi rajistar suna da shi, shugaba da ma'aji su san kalmar sirri, a rubuta ranar ƙarewar wa'adi a littafin taro. Mai gina shafi a ba shi izinin aiki, ba mallaka ba.

Gobara, duhu da yankewar waya

Abu na biyu da mai haya ke nema shi ne kada shafinsa ya ɓace. Kamfanoni sukan yi alƙawarin cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. A lissafi, wannan na nufin an yarda ya faɗi na kusan awa 9 a shekara. Wanda ya ce kashi 99 kuwa, ya ba kansa damar kwana uku da rabi. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ƙarama ce a ido, amma babba ce ranar da ake buƙatar shafin.

Girman kamfani ma ba garkuwa ba ne. A daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin ginin da ya ƙone sun yi asarar bayanansu baki ɗaya. Kamfanin yana cikin waɗanda masu shafuka a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka fi sani. Darasin a fili yake: kwafin da ke zaune wuri ɗaya da asali ba kwafi ba ne. Kamata ya yi ƙungiya ta riƙa sauke nata kwafin lokaci-lokaci, ta adana a wata na'ura da ke hannunta.

To me zai hana a ajiye shafin a gida? Amsar farko ita ce wuta. Yankin Maradi da Damagaram ya daɗe yana samun lantarki daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga can yake zuwa. Sai a ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Saba tana buƙatar wuta da sanyi ba yankewa, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Kuɗin janareta da gas da na'urorin sanyaya ɗaki duk a kan mai haya suke komawa.

Ajiyewa a waje ma yana da nasa haɗarin. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka intanet ɗinta yana ratsa ƙasashen makwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris na 2024 huɗu daga cikinsu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A irin wannan rana, shafin da ke Turai yana nan lafiya, amma mai karatu a gida ba ya iya kai wa gare shi cikin sauƙi. Kuma idan hukuma ce ta rufe, kamar yadda aka katse intanet na wayar salula na kusan kwanaki goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, to ko ina shafin yake, ƴan ci-rani ne kawai za su gan shi.

Abin da gwamnati ta sa a gaba

Hukumomi sun san da wannan giɓi. Aikin shimfiɗa wayar faiba da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da tallafa masa a 2016, ya ƙunshi sama da kilomita 1,000 a cikin Nijar, da hanyoyin da ke kaiwa iyakokin Aljeriya da Chadi da Najeriya ta Magarya, tare da gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Manufar ita ce bayanan gwamnati su zauna a gida. Akwai kuma dokar kare bayanan sirrin jama'a, wadda aka fara kafawa a 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Duk ƙungiyar da za ta tara sunaye da lambobin wayar mambobinta a shafi, wannan doka ta shafe ta, har da batun fitar da bayanan zuwa wata ƙasa.

Nijar tana da nata ƙarshen suna, wato .ne, wanda aka daɗe da danƙa kulawarsa ga kamfanin SONITEL, kafin a haɗe shi da SahelCom a 2016 a samar da Niger Telecoms. Ma'aikatun gwamnati suna amfani da gouv.ne. Amma idan aka duba sanannun shafukan ƙasar, irin su ActuNiger da Studio Kalangou da ma jaridar gwamnati Le Sahel, za a ga .com da .org ne a ƙarshen sunayensu. Mai neman suna yana zuwa inda zai yi rajista cikin minti biyar ne daga wayarsa. Gina cibiya a Yamai ba zai sauya lissafin mutumin Issawane ba sai an samu ƙananan kamfanoni da za su sari gurbi a cikinta, su sayar da shi da sefa, a farashin da aka buga a fili, ta hanyar biyan da ya sani.

Abin da mai haya ke nema a zahiri

Idan aka tattara, buƙatun abokin ciniki a irin wannan yanki sun sha bamban da abin da tallace-tallace ke kururutawa. Ana yi masa alƙawarin gurbi marar iyaka, alhali shafin ƙungiyar ƙauye da wuya ya cika gigabait ɗaya. Abin da yake nema ya fi haka sauƙi, ya kuma fi wuyar samu.

Yana son a faɗa masa kuɗin shekara ta biyu tun kafin ya biya na farko, da sefa, a rubuce. Yana son ya biya ta wurin aika kuɗin da ke kasuwar garinsu, a ba shi rasiɗi. Yana son sunan ya kasance nasa, tare da lambar sirrin da ke ba shi damar ɗauke shi zuwa wani kamfani idan ya ga dama. Yana son tunatarwa ta zo masa ta kiran waya ko WhatsApp, ba ta imel ɗin da ba a buɗewa ba. Yana son idan shafi ya faɗi ya samu mutum mai jin Hausa ko Faransanci da zai ɗauki waya, ba fom ɗin da za a cike da Turanci a jira amsa ba. Dillalin Maradi da zai yi waɗannan, ko da ya fi kamfanin Turai tsada da jaka goma, ya cancanci ribarsa, domin abin da yake sayarwa amana ce.

Akwai kuma wanda ba a tambayarsa, wato mai karatu. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabait 2 a buɗewa ɗaya. Mai ƙaramar waya da ke sayen mega na yini, a wurin da layi ke zuwa yana ɗaukewa, ba zai jira hotuna masu nauyi su sauka ba. Shafi marar nauyi a masauki mai araha ya fi shafi mai ado a masauki mai tsada amfani. A yankin da da yawa ba sa karanta Faransanci, murya ta fi rubutu isa. Cibiyar RECA ta majalisun manoman Nijar ta nuna hanya: tana ajiye takardun koyar da noma a shafinta, tana kuma amsa tambayoyin manoma ta waya da saƙon murya na WhatsApp cikin harsunan gida. Shafin shi ne rumbu, WhatsApp shi ne jakin da ke kai kaya.

Shin kowa na buƙatar shafi?

A'a. Mai sayar da awaki ko buhunan wake da abokan cinikinsa ke kan WhatsApp ba shi da dalilin biyan jaka 40 a shekara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: shafin da aka buɗe aka bari da labarin shekara uku da suka wuce ya fi rashinsa zubar da mutunci.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, kuma kamfanin na iya rufe asusun kowa ba tare da mai shi ya samu wanda zai kai wa kuka ba. Gidan rediyon da ke son adana shirye-shiryensa, ƙaramar hukumar da ke son wallafa kasafinta da sanarwar kwangila, ƙungiyar ƴan asalin gari da ke karɓar gudummawa daga Tripoli da Legas da Makka tana son nuna inda kuɗin suka shiga, waɗannan suna buƙatar wurin da yake nasu.

Ga irin waɗannan, kafin a aika da ko sefa ɗaya, tambayoyi huɗu sun isa a yi wa duk mai tallar masauki: nawa ne kuɗin sabuntawa, da sunan wa za a yi rajista, a ina kwafin ajiya yake, kuma lambar wa za a kira ranar da shafin ya faɗi. Wanda ya amsa su a rubuce, a yi ciniki da shi. Wanda ya fara kame-kame, a nemi wani.